Amsar Kawu kan kusun da ya ci wayar mota

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ɗana, na ji saƙonka tun jiya, caji ne babu. Ka ce ka aje mota sati 3 ka tafi Kaduna, ka dawo ka murza makulli ta ƙi tashi, anka buɗe bonet anka iske kusu ya gaigaye wayoyi, kana tambayar wane magani za ka saye ka zuba. To ni ba da magani zan fara ba, don na san inda kake aje motar nan. Jikin ɗakin da babanka ke jibge buhunan shanshera, ko ba nan ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka kai mishi ɗaki har ƙofar abinci, sannan ka ce mi ya kawo shi.

Kuma bari in gyara maka, ba cin wayar yake yi don yunwa ba. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, dole ya samu abin da zai riƙa goga su. Waya, tiyon ruwan gilashi, robar akwatin iyakilina mai tace iskar inji, duk ɗaya ne gare shi. Ga hunturu ya shigo, ka kashe mota da dare injin na da ɗumi, ga duhu, ga soson nan na jikin bonet da zai yaga ya yi sheƙa. Wanda ya ce kurege ne, a'a. Kurege da rana yake yawo, raminsa na gona, sai in motar ta kwana bakin gonar gyaɗa kamar masu kai taki fadama. Cikin garin Birnin Kebbi kusu ne, ko gafiya in akwai kwalbati kusa.

Ni abin ya same ni ina jigilar Jega zuwa Yauri. Na ɗauko gero, buhu ɗaya ya fashe a but, na ce gobe a share, goben ba ta zo ba, sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 10. Da na tashi, mota na fizga, wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama. Na kai wa wani mai rewaya, ba zan faɗi sunansa ba, wasunku sun san shagon. Ko leƙa ƙasan injin bai yi ba ya ce ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙone. Na ci bashi munka saye wata, anka ɗaura, tana nan yadda take. Ya ce to injekta ne, mai fesa wa inji mai. Sai wani yaro ɗan koyo, wanda ko gemu bai fara ba, ya sa hannu bayan injin ya jawo waya ɗaya, siririya kamar tsinken tsintsiya, ta rabu biyu, ga sawun haƙori. Da baƙin salatif anka gama aikin. Na ce a maido min kuɗina, ya ce ai kaya in anka ɗaura ba su komawa. Har yau in munka haɗu masallaci gaisuwa ce kawai. Wai ni da na tuƙa 504 shekara da shekaru, motar da wayoyinta za ka ƙirga da yatsu... to, a bar wannan.

Ina nake? Yawwa. Ka ɗauke motar daga jikin ɗakin nan. Karan dawa da anka jingina a katanga da tulin shara, a kwashe. A share cikin motar tas, ƙarƙashin kujeru, but, wurin safaya, don yaranka na cin gyaɗa da biskit a ciki, na gani da idona. In za ka yi tafiya, bar wa ƙanenka makulli, duk kwana 2 ya tada ta ya matsar da ita, ya bubbuga bonet kafin ya murza, don mage ma na kwana ciki. Wasu na barin bonet a buɗe da dare don haske ya shiga, yana aiki. Kai, a'a, na janye, gidanku babu ƙofa, da safe za ka iske babu batir. In tafiyar mai tsawo ce ma, cire kan batirin, na baƙar waya, don wayar da anka feɗe in ta taɓa ƙarfe tana iya tada gobara.

Maganin da kake nema, ka ji ni da kyau, kar ka zuba shinkafar ɓera cikin mota. Zai ci ya shige cikin bututun iyakwandishan ya mutu can, sai an kwance dashbod kafin ka huta da wari, ga kaji ga ƙananan yara a tsakar gida. Tarko ka sa, ko allon gam, gindin tayoyi, don ta nan yake hawa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Kafur na ɗan korarsu amma warinsa na gushewa, su saba. Barkono dai suna gudunsa, har kamfanin Honda na da wani salatif na naɗe waya da anka haɗa da sinadarin yaji. Bakin da iska ke shiga iyakilina kuma, a sa mishi ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ƙaramin kusu na bin kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba.

In ka iske sheƙa da kashi, kar ka sa hannu tsirara, kar ka hure da baki. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake zuwa, kuma lokacin rani ya fi tashi. Ka jiƙa wurin da ruwan Hypo, ka sa leda a hannu ka kwashe.

Hoton da ka turo duhu ne, ban ga ko wace waya ce ba. Sake ɗauka da tocila, kuma kar ka bar kowa ya taɓa maka ƙwaƙwalwar motar sai na zo bayan la'asar.