Chrysler 300C a ƙauye: baƙin mai mai kauri, tamostat da ƙarar safiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na sayi Chrysler 300C ƙirar 2007 'yar Beljiyam, mai silinda takwas. Ina zaune a wani ƙauye bayan Ringim, sai na ci burji kafin in hau kwalta. Da safe in na tayar da ita ina jin tak-tak-tak a injin, kuma fitilar injin ta kama a gaban sitiyari. Bakanikenmu ya zuba mata baƙin mai 20W-50, yanzu kuma ya ce a cire tamostat saboda zafin ƙasarmu. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a cire tamostat (ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya ɗumama), shi ma wannan man a juye shi cikin makon nan.

Ban ga laifin bakaniken sosai ba. Hannunsa ya saba da Golf da tsofaffin Peugeot, waɗanda in injinsu ya kwana biyu mai kauri kan rufa musu asiri. Taka ba irinsu ba ce. Injin da ke cikinta shi ne HEMI mai lita 5.7, kuma yana da wata dabara da ake kira MDS: idan kana tafiya a miƙe ba ka taka ta da ƙarfi ba, kwamfutar motar takan kashe silinda huɗu ta bar huɗu suna aiki don a rage shan fetur. Da ƙarfin baƙin mai ake wannan kashewa da kunnawa, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi a cikin injin. Shi ya sa kamfanin ya rubuta 5W-20 a kan murfin wurin zuba mai. Je ka duba, yana nan. Mai kauri ba ya ratsa waɗannan hanyoyi da sauri, musamman da sanyin safiya na hunturu, kuma motar kan gane da kanta ta kunna fitila. In aka sa mata na'urar bincike aka ga lamba P1521, to man take ƙorafi a kai.

Tana shan kusan lita 6.6 in har da sabuwar filta, don haka galan ɗaya ba zai ishe ta ba. Saye shi a rufe, a babban gidan mai ko wurin dila da aka sani, domin jabun baƙin mai ya cika kasuwa. Da irin ƙurar hanyarku, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi sabis ba. Filtar iska kuwa ka riƙa ciro ta kana ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, a sake sabuwa. Busa ta da iskar mai faci yaga ta yake yi, ƙura ta samu ƙofa.

Sai ƙarar. Abu biyu ne ke yawan kawo ta a wannan injin, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai cin aljihu. Ka tayar da motar da asuba ka tsaya ka saurara. Idan ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace da injin ya ɗau zafi, galibi ƙusoshin da ke riƙe bakin salansa a jikin injin ne suka karye. Ƙarfe in ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe kafar. Haska fitilar waya ta gefen injin, za ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin, wani lokaci ma ka ga kan ƙusa babu. Wannan gyara ne na yini guda. Amma idan ƙarar tana nan ko bayan tafiya mai nisa, tana ƙaruwa in ka taka totur, kuma motar tana ɗan karkarwa, to lifta (ɗan ƙarfen da ke tura bawul) ce ta fara cin kamshaf (sandar da ke juyawa tana ɗaga liftocin). A yanka tsohuwar filtar mai a baje takardar cikinta a rana. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ajiye motar, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Kano. A ɗauke ta da wata mota a kai ta. Kuma ka daina barin ta a kunne tsawon lokaci a ƙofar gida don shan sanyin AC, irin wannan zaman ba ya yi wa liftocin daɗi.

Batun tamostat shi ya fi damuna. Ba shi ke kawo zafi ba, aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 95 a ma'aunin Celsius. In aka cire shi, injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa fetur tana zaton har yanzu safiya ce, fetur ɗin ya riƙa gangarawa yana tsinka baƙin mai. Ga kuɗin mai, ga lalacewar fistin. Idan kuma da ma allurar zafi tana hawa a watan Afrilu da Mayu, cirewar ɓoye ciwon kawai za ta yi. A nemi sanadin: fuskar lagireto da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe, fanka da ba ta tashi, murfin ruwa da ya saki, ko famfon ruwa da ke yoyo. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo.

Abin da ya sa nake matsawa a nan shi ne, HEMI na kafin 2009 an san shi da wani hali: in ya yi zafi fiye da kima, zoben da bawul ke zama a kai yakan saki daga kan injin, wanda na alminiyam ne, ya faɗa cikin silinda. Daga nan sai maganar sabon inji. Saboda haka in allura ta haura, tsaya a inda kake ko da a tsakiyar daji ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma ba na lagireto ba ne, yana barin gishiri da tsatsa. A zuba ruwan sanyaya inji irin HOAT, kada a gauraya shi da wani iri.

Sauran a taƙaice. Fulogoginta 16 ne, biyu a kowace silinda, kada a sake takwas a ce maka an gama. Batir yana cikin but ta baya. Giyarta mai hawa biyar ƙirar Mercedes ce, man giya ATF+4 take sha, kuma ba ta zo da sandar auna mai ba, sai wanda ke da abin awonta zai taɓa ta. Ƙafafun gaba su ne burji zai fara ci, bushin da bol joyin. Da ka ji gwaf-gwaf a kan rami, a ɗaga ta a duba. Motar tana da ƙasa sosai, da damina kada ka jefa ta ruwan da ba ka ga wata mota ta ratsa ba. Fetur ɗin 'yan bumburutu ma ka rage, domin matatar fetur ɗinta a haɗe take da famfon cikin tanki, in ta toshe duka ake sakewa.

Kayanta ba su cika yawa a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano kamar na Toyota ba, wasu sai an aiko daga Legas. In za ka yi oda, ka ba da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kada ka ce "na 300" kawai, don akwai masu silinda shida da kayansu ba sa shiga taka.