Yadda za ka sa Lua ta daina yin shiru a kan sunan da ba ta sani ba

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Na sa Lua cikin manhajar lissafin shagonmu. Yaro ya rubuta `farshi` maimakon `farashi`, rasit ya fito ba kuɗi, ba ko gargaɗi. Ina mafita?"

Ɗan'uwa, a harshen rubuta manhaja na Lua maganin yana wajen `_ENV`, teburin da ake neman sunaye a cikinsa. Tun daga Lua 5.2 da ta fito a 2011, duk sunan da ba a ayyana shi da `local` ba, mai fassara lambar yana mayar da shi `_ENV.suna`. Ke nan `farshi` neman mabuɗi ne cikin tebur, kuma mabuɗin da babu shi `nil` yake bayarwa. Gwada `luac -l` a kan fayil ɗin, za ka ga `GETTABUP` da `_ENV "farshi"` ƙuru-ƙuru.

To sai ka ba shi teburinka:

`local gida = {math = math, pairs = pairs, farashi = 2500}`
`setmetatable(gida, {__index = function(_, s) error("ba a san " .. s, 2) end})`
`local f = load(rubutu, "rasit", "t", gida)`

`rubutu` shi ne lambar da yaron ya rubuta, `__index` kuma aikin da Lua ke kira in ba ta sami suna a `gida` ba. Abu na huɗu da aka miƙa wa `load` shi ne zai zama `_ENV`. Harafin "t" yana ƙin lambar da aka riga aka fassara, 2 ɗin da ke cikin `error` kuma yana sa kuskuren ya nuna layin yaron, ba naka ba.

Inda aka fi tuntuɓe: abin da ba ka zuba a `gida` ba ya ɓace, har `print`. Wasu sai su huce da `__index = _G`, wato teburin da ke ɗauke da dukkan sunayen gama-gari na Lua. Kada ka yi, don ka buɗe wa kowa `os.execute` da `io` a kwamfutar da ke riƙe da sefar shago. In kuma ka rubuta `local _ENV = {}` da hannu, fara kama `setmetatable` a `local`, in ba haka ba layi na gaba ba zai gan shi ba. Sannan `if ragi == nil` yanzu zai faɗi; zuba `ragi = false` tun farko, ko ka yi amfani da `rawget`. Aikin da aka fassara a wani wuri yana nan da `_ENV` ɗinsa na asali.

In LuaJIT ko 5.1 ke hannunka, babu `_ENV`. `setfenv(f, gida)` za ka kira bayan `loadstring`.