Amsa: Kyamara na yankewa idan an jona ta da kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce kana jona Canon ɗinka da kwamfuta don hoto ya riƙa fitowa a babban allo nan take, amma ana cikin ɗauka sai Lightroom, manhajar gyaran hotuna, ya daina ganin kyamarar. Kafin ka zargi manhaja, duba wayar USB ɗin tukuna, galibi daga nan matsalar take.

Wayar USB 2.0 ba ta wuce mita 5 lafiya, ta USB 3.0 kuwa wajen mita 3 ce. In ɗakin ɗaukar hotonka na da faɗi, nemi irin wadda ke da na'urar ƙara ƙarfi a jikinta. Wayar caji ta bakin titi kam ka rabu da ita, wasu wuta kawai suke kaiwa, hoto ba ya bi ta cikinsu. Ramin USB na jikin kyamara kuma ƙarami ne, da wayar ta ɗan girgiza sai ta saki. Ka ɗaure ta a madaurin kyamarar yadda in wani ya taka ta ba ramin zai ja ba, gyaransa ya fi kuɗin wayar nesa ba kusa ba.

Sannan ka shiga saiti ka hana kyamarar yin barci da kanta. Ka kashe Wi-Fi ɗinta, don wasu Canon irin su 6D da 70D suna rufe USB muddin yana kunne. Ka kuma rufe EOS Utility, manhajar Canon da ke kan kwamfutar, shi yakan buɗe kansa ya riƙe kyamarar, Lightroom ya rasa ta. In duk an yi haka ba ta daidaita ba, gwada ɗauka da EOS Utility shi kaɗai ka faɗa mana abin da ka gani.