Kada ka sayar da kyamarar tukuna, duba gefen fim ɗin

Wa alaikumus salam, ƙanina. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ka shi ya same ni. Ka ce ka ɗauki hotuna da HP5, fim ɗin baƙi-da-fari na kamfanin Ilford, a bikin yayarka, ka kai studiyo, aka dawo maka da fim wayam babu ko inuwar mutum, mai shagon kuma ya ce kyamararka ce ta lalace, har kana shawarar sayar da ita. Don Allah dakata.

Ɗaga fim ɗin a haske ka duba gefensa, wajen 'yan ramukan nan. Tun daga kamfani ake buga sunan fim da lambobi a wurin, kuma wanki ne ke fito da su. In ka ga rubutun Ilford da lambobin sun fito baƙi amma tsakiya babu komai, to wanki ya yi, haske ne bai shiga ba, ko fim bai kama ba lokacin da ka sa shi, ko shata, wato 'yar ƙofar da ke barin haske ya shiga, ba ta buɗewa. In kuwa har rubutun ya ɓace, harshen fim ɗin da ya sha haske ma bai yi baƙi ba, to babu ruwan kyamara. Aikin mai wanki ne.

Ni hotunan kakata ne suka salwanta haka, wadda ta haifi mahaifiyata. Ba ta son hoto ko kaɗan, da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar wata Babbar Sallah a unguwar Gangare, nan Jos, ta yarda, tana zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, hasken hantsi ya sauka a gefen fuskarta, har tsagar kumatunta ta fito. Na ƙarar mata da fim guda na Tri-X, baƙi-da-fari na kamfanin Kodak. Na kai wani shago a cikin gari, na jaddada wa mai shagon cewa baƙi-da-fari ne, kada a sa shi a injin kala. Ya ce, "Haba Malam, ni za ka koya wa aikina?" Ashe ina fita yaronsa ya haɗa shi da sauran ya tura inji. Wankin kala, wato C-41, yana da bilic mai cinye azurfa, don a fim mai kala rini ne ke riƙe hoto. A namu na baƙi-da-fari kuwa azurfar ita ce hoton. Sai ya wanke min kakata tas.

Abin da ya fi ƙona min rai ba asarar ba ce. Mutumin nan ya miƙo min fim ɗin a nannaɗe da roba, ko sannu babu, ya ce tsohuwar kyamara nake yawo da ita, kuma sai da ya karɓi kuɗin wankinsa cif. Da na nuna masa gefen babu rubutu, sai ya juya yana hira da wani. Na tsaya a wurin hannuna na rawa. Kafin wata Sallar ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Mahaifiyata ta sha tambayata ina hotunan Hajiya, na rasa bakin da zan faɗa mata. Har yau in na biyo ta layin nan sai na tsallaka ɗaya gefen titi. Allah ya jiƙanta, shi kuma na bar shi da Allah.

Tun daga nan nake wanki da hannuna, kai ma ita ce shawarata. Tankin wankin fim na Paterson, jakar duhu da ake sa fim a tankin a cikinta, ma'aunin zafi, dibelofa (ruwan da ke fito da hoto) da fiksa (ruwan da ke tabbatar da shi), shi ke nan. HP5 a cikin dibelofan ID-11 wanda ba a sirka ba minti 7 da rabi ne a digiri 20. Mu a Jos ma Allah ya taimake mu da sanyi, ba kamar 'yan uwanmu na Abuja da sai sun nemi ƙanƙara ba. Amma kada ka yarda da hannunka, auna ruwan, don da hunturu yakan sauka ƙasa da 20, a watan Maris da Afrilu kuma ruwan tankin saman rufi yakan ɗau zafi. Kuma ka yi wa kwalabenka rubutu manya-manya, don in fiksa ta riga dibelofa shiga, irin wannan wayam ɗin za ka gani. Jar fitilar ɗakin wanki kuma ta takardar hoto ce, fim duhu ƙirin yake so.

Ƙurar hunturu kuwa, hmm. Ka shanya fim ɗin a banɗaki ka rufe ƙofa da taga, kada kowa ya shiga sai ya bushe. In dibelofa na wahalar samu, nemi Rodinal, ita ma dibelofa ce, tana daɗewa a kwalba ba ta mutu ba.

In kuwa dole sai studiyo, sayi Ilford XP2 Super. Baƙi-da-fari ne amma don C-41 aka yi shi, injinsu ba zai cuce ka ba.

Ita kuma kyamarar, buɗe bayanta babu fim, ka fuskanci taga, ka danna ka gani ko haske na wucewa. In ka sa sabon fim, lura ko maɓallin mayar da fim baya na juyawa duk lokacin da ka ja fim gaba. Yau ɗin nan ka ɗauki gefen fim ɗin da waya ka turo mana nan mu gani, kuma kada ka koma shagon nan kai kaɗai, je da wanda ya san wanki.