Riƙo, Raino da Ladabin Yara a Ingila: Amsa ga 'Yata

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya raya mana yaran, ya sa kun shiga Ingila a sa'a. Abu uku kika tambaya: ko yayarsu mai shekara 10 za ta iya zama da ƙannenta idan kin fita, ko za ki iya kai na tsakiya riƙo wurin ƙawarki a wani gari, da kuma maganar malamar da ta ce yaron ba ya kallon idonta. Kin ce kina tsoron kada ki zubar da tarbiyyar gida. Tsoron yana da kyau, amma ki rarrabe. Akwai tarbiyyar da ke hannunki ke da maigidanki, wannan za ku iya tafiya da ita ko'ina. Akwai kuma wadda unguwa ce ke ɗauke da ita, wato abin da ya sa muke cewa ɗa na kowa ne. Wannan ta biyun babu ta a can, kuma yawancin matsalar sababbin zuwa daga nan take fitowa.

A gida idan aka bar yarinya da ƙannenta, ba ita kaɗai aka bari ba. Ga kaka a ɗaki, ga matan gida a tsakar gida, ga maƙwabciya da za ta jiyo kuka ta katanga. A can ƙofa a rufe take, gas da wuta da tagar bene suna ciki tare da su. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a bar yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, kuma iyaye ake kamawa. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawara cewa wanda bai kai 12 ba bai cika isa a bar shi na dogon lokaci ba, wanda bai kai 16 ba kada ya kwana shi kaɗai, jariri kuwa ko na minti ɗaya. Saboda haka amsata a'a ce. Ki koya mata goyo da wanka da ba da abinci kina gidan, domin wannan horo ne mai amfani, amma cefane ki tafi da su ko ki jira babansu.

Riƙo shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa cikin rashin sani. Idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma, su kuma su aiko jami'insu ya duba gidan, ya riƙa leƙowa. Dangi na kusa a wurinsu su ne kaka, wa ko ƙane, ya ko ƙanwa, kawu, baffa, gwaggo, inna, da mijin uwa ko matar uba na aure. Ɗan baffanki ba ya ciki, ƙawarki ma ba ta ciki, ko da tare kuka tashi kuna ce wa juna 'yan'uwa. Ba a hana ba, sanarwa ake so. Ni dai ban so a raba shi da ku a shekarar farko, lokacin da shi kansa bai gama gane inda yake ba.

Kallon ido kuwa mai sauƙi ne. Ki je ki samu malamar ki gaya mata cewa a wurinmu sunkuyar da kai girmamawa ce. Shi kuma ki faɗa masa ƙarara: a makaranta ka dubi fuskar malama idan tana magana, a gida ka durƙusa ka gaida manya, ka karɓi abu da hannun dama, kada ka kira babba da sunansa tsirara. Yara suna iya riƙe ladabi biyu idan an bayyana musu wurin kowanne. Abin da ke ruɗa su shi ne a yi musu faɗa a makaranta kan abin da aka yaba musu a gida, babu wanda ya yi musu bayani.

Ba ki tambayi duka ba, amma sai na faɗa. A cikin yankunan Birtaniya, Sikotiland ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wels ta bi a 2022. A Ingila an bar ɗan sassauci, sai dai duk dukan da ya bar shati, kumburi ko rauni ya fita daga cikinsa, kuma bulala da bel da silifa su ne masu barin shati. Malamai wajibi ne a kansu su kai rahoto idan sun ga tabo ko yaro ya faɗa. Ki ajiye bulala. Ƙwace waya na kwana biyu, hana fita wasa, ƙarin wanke-wanke, in dai kin faɗa kin cika, suna aiki. Kuma kada ki koya musu ɓoye abin da ke faruwa a gida, domin ranar da wani ya cuce su a waje ma za su ɓoye miki.

Harshe ki riƙe shi da ƙarfi tun yau. Da sun yi 'yan watanni a makaranta za ki yi musu Hausa su mayar miki da Turanci. Kada ki yi tsawa, ki ce ban ji ba, maimaita. Kada a yi dariya idan harshensu ya karye, dariya ce ke rufe bakin yaro. Ki tsayar da rana guda a mako su gaida kakanninsu ta waya da bakinsu, ki nemi Islamiyyar Asabar da Lahadi a masallacin unguwarku, nan ma za ki samu matan da za ku riƙa karɓar wa juna yara.

Zuwa gida biki ko suna a tsakiyar zangon karatu yana jawo tara: tun daga Agustan 2024 fam 80 ne kan kowane yaro, uwa da uba kowa da nasa, ya koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Ki gaya wa dangi su dubi dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Ranar Sallah ana ba da izini, ki rubuta wa makaranta tun kafin ranar.

Hunturu na tafe, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Fatarmu ba ta samun isasshen bitamin D a irin wannan rana, don haka hukumar lafiya ta NHS ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su sha maikirogiram 10 kullum, masu baƙar fata kuma su yi tunanin sha duk shekara. Ki yi musu rajista da likitan unguwa, kyauta ne, ki tafi da katin rigakafinsu na gida ya ga abin da ya rage. Ki gaida maigidan da yaran.