Jibin Ubangiji: Daga Idin Ƙetarewa Zuwa Saɓanin Ikilisiyoyi

Tambaya: Malam, ni 'yar ECWA ce, maigidana kuwa ɗan Katolika ne. Fastonmu ya koya mana cewa Jibin Ubangiji ya samo asali daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, saboda haka tunawa ce kawai, amma maigida ya ce gurasar da ruwan inabin jikin Almasihu ne da jininsa na ainihi, shi ya sa ba a ba ni idan na bi shi Mas. Tunda asalin abin ɗaya ne, me ya kawo wannan saɓani? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, fastonku ya faɗi gaskiya game da asali. Matiyu, Markus da Luka duk sun nuna cewa cimar da Yesu ya yi da almajiransa a daren da aka bashe shi ta Idin Ƙetarewa ce, idin da aka kafa a Fitowa sura 12, inda kowane gida ke yanka ɗan rago, a gasa shi, a ci da abinci marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Maganar da ya yi a kan ƙoƙon, wato jinin alkawari, tana komawa ga Fitowa 24:8, lokacin da Musa ya yayyafa wa jama'a jinin hadaya a gindin Dutsen Sinai, kuma "sabon alkawari" na Luka da Bulus daga Irmiya 31:31 yake. Ɗaukar gurasa a sa albarka a kakkarya a miƙa kuwa aikin maigida ne a kowane teburin Bayahude mai ibada.

Sai dai wannan asali bai raba gardamar ba, domin kowane ɓangare yana samun hujja a cikinsa. Mai cewa tunawa ce zai nuna Fitowa 12:14, inda aka kira ranar abin tunawa. Ɗan Katolika kuma zai ce ragon idin hadaya ce ta gaske, ba a gama idin sai an ci namansa, kuma Bulus ya kira Almasihu ragonmu na Idin Ƙetarewa a 1 Korantiyawa 5:7. A ganina, wanda ya ce "tunawa kawai" ya rage wa idin nauyi, domin Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ta wajabta wa kowane Bayahude a kowane zamani ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Amma wannan ma bai kai ga cewa gurasa ta sāke ta zama nama ba. Wannan koyarwa daga baya aka tsara ta da harshen falsafa.

Majalisar Lateran ta Huɗu, babban taron shugabannin ikilisiyar Roma a 1215, ce ta tabbatar da koyarwar cewa ainihin gurasa da ruwan inabi yana juyawa ya zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kamanni da ɗanɗano ba sa canjawa, Majalisar Trent kuma ta sake jaddada ta a 1551. 'Yan gyaran ikilisiya, wato waɗanda suka rabu da Roma a ƙarni na 16, sun ƙi wannan bayani, amma su ma kansu bai haɗu ba. A 1529 aka zaunar da Martin Luther da Ulrich Zwingli a Marburg ta ƙasar Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14, suka watse a kan na 15, wato batun Jibin. Luther ya tsaya a kan cewa "Wannan jikina ne" na nufin abin da ya faɗa, Almasihu yana nan tare da gurasar. Zwingli ya ce alama ce, tunda jikin Almasihu yana sama a hannun dama na Uba. John Calvin ya bi tsakiya, ya ce mai bi yana cin Almasihu da gaske, amma ta wurin Ruhu Mai Tsarki da bangaskiya. Abin da kika ji a cocinku ya fi kusa da Zwingli, ɗan LCCN, wato cocin Lutheran, a Numan kuwa magajin Luther ne.

Akwai wani wuri da ya kamata masu wa'azi su yi hattara. An saba jin ana cewa Yesu ya ɗauki ƙoƙo na uku cikin ƙoƙuna huɗu na idin. Tsarin ƙoƙuna huɗu a Mishna aka fara rubuta shi, bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70 kuma yanka rago ya tsaya, don haka ba daidai ba ne a ɗauki teburin Yahudawan yau a ce haka na Yesu yake daki-daki. Luka dai ƙoƙo biyu ya ambata. Ga kuma Yohanna, wanda a 18:28 ya nuna cewa da safen ranar gicciye shugabanni ba su riga sun ci idin ba, ke nan cimar ta riga idin da kwana ɗaya. Wannan bambanci ya shiga har cikin gurasar kanta: Roma tana amfani da marar yisti, Otodoks na Gabas da mai yisti, kuma batun yana cikin abubuwan da aka yi ta jifan juna da su a rabuwar ikilisiyar Roma da ta Gabas a 1054.

Game da hana ki karɓa, ba raini ba ne gare ki. A wurin Katolika, karɓa shaida ce cewa mutum ya yarda da koyarwarsu kuma yana cikin cikakkiyar tarayya da ikilisiyarsu, dokarsu ma ta hana maigidanki karɓa a naku cocin. Idan kuna so ku tattauna a gida, ku karanta Fitowa 12 da 24 tare da 1 Korantiyawa 11:23-29, wanda shi ne rubutu mafi daɗewa a kan Jibin, ya riga Linjilolin duka, sa'an nan ku kai abin da ya shige muku duhu wurin fasto da fada.