Hannun jarin GitLab da ire-irensu: akwai riba ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni firogirama ne a Kaduna, a wurin aikinmu da GitLab muke amfani kuma gaskiya abin ya mana daɗi, komai a waje ɗaya. Na ɗan tara wasu daloli shine nake tunanin in sayi hannun jarinsu, tunda naga duk duniya manhaja ake ginawa kuma kowa sai ya buƙaci irin wannan dandalin. Ya kake gani, akwai riba a harkar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka hango gaskiya ne, harkar tana da kasuwa sosai, amma daɗin amfani da kaya daban ribar mai hannun jari daban, kuma GitLab ɗin nan da ka ambata ita ce misalin da yafi nuna haka.

Bari in ɗan yiwa waɗanda ba 'yan harkar ba bayani tukunna. A da idan kamfani zai gina manhaja, inda ake ajiye kod (rubutun umarnin da ake gina manhaja dashi) daban, manhajar gwaji kamar Jenkins daban, inda ake rubuta aikin kowa kamar Jira daban, mai binciken kafar da ɓarayin intanet zasu iya shiga shima daban, kowanne da kuɗinsa da mai kula dashi, ranar da ɗaya ya samu matsala sai aiki ya tsaya cak ana neman mai laifi. Kamar mai gini ne da yake sayen siminti a Sabon Gari, rodi a Ƙofar Ruwa, fenti a wani waje, sai wani ya buɗe shago yace zo duk ka ɗauka a nan da rasit ɗaya. Dandalin bai-ɗaya kenan, irin wanda GitLab ke sayarwa, tun daga rubuta kod har sakin manhaja ga jama'a.

Abin da yasa masu zuba jari suke son irin kamfanonin nan shine kuɗin baya yankewa, duk shekara kwastoma sai ya sabunta, kuma da kan mutum ake biya wato kowane injiniya da kujerarsa. Sannan ƙarin kwastoma ɗaya baya cin musu wani kuɗi, shi yasa a duk dala 100 da GitLab ta karɓa wajen dala 88 zuwa 90 ke saura bayan an cire kuɗin isar da sabis ɗin. Uwa uba kuma, wanda ya shiga fita tana masa wuya, kai kanka ka sani in akace gobe ku kwashe duk ayyukanku da tsarin gwajinku ku koma wani waje sai kunyi watanni kuna fama, toh ina ga banki mai injiniyoyi dubbai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. GitLab ta shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka a Oktoban 2021 akan dala 77 kowane hannun jari, ranar farko ma ya rufe sama da dala 100, darajar kamfanin a farashin shiga wajen dala biliyan 11 alhali cinikinta na wannan shekarar dala miliyan 253 ne kacal, kaga an sayeta ninki sama da 40 na cinikinta kenan. Daga nan cinikin yayi ta hawa, miliyan 424, sai 580, sai 759 a shekarar lissafin da ta ƙare Janairun 2025, wato ya ninka uku cikin shekara uku. Amma wanda ya saya a 77 mafi yawan lokacin nan a ƙasan kuɗinsa yake, akwai lokacin da farashin ya faɗo ƙasa da dala 40. Kamfani bai lalace ba, aiki yake sosai, tsadar da aka sayeshi ce tayi yawa, ga kuma babban bankin Amurka da ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022 daga kusan sifili har sama da kashi 5, kuma duk sanda haka ta faru kamfanonin da ribarsu sai nan gaba su suke fara shan duka.

Sai maganar kishiya, wadda ni a ganina tafi komai nauyi. Kishiyar ita ce GitHub, dandali irin na GitLab, kuma ta Microsoft ce tun 2018 da suka sayeta dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 sun sanar da cewa masu amfani da ita sun haura miliyan 100. Microsoft bata damu sai taci riba mai yawa a GitHub kaɗai ba, tana da Azure (inda take bada hayar kwamfutoci ta intanet) tana da Office, zata iya cusa maka GitHub cikin kwantiragin da dama kuke dashi a farashi mai sauƙi. Ka lura da wani abu, hujjar da GitLab take bayarwa cewa gara ka haɗa komai waje ɗaya, ita ɗin ce dai Microsoft zata juya tayi amfani da ita akanta, tunda nata wajen ɗayan yafi faɗi. Inda GitLab take da ƙarfi na gaske shine kamfanonin da basa yarda kod ɗinsu ya bar kwamfutocinsu na cikin gida, bankuna da hukumomin gwamnati da na tsaro, da kuma waɗanda basa son duk wuyansu ya zama a hannun Microsoft. Wannan kasuwa ce mai kauri amma ba duk duniya bace kamar yadda kake lissafi.

Ƙirƙirarriyar basira kuma ta ƙara dagula lissafin. Tunda da kujera ake biya, idan injiniya biyar da manhajojin AI masu taya rubuta kod irin su Copilot ko Cursor zasuyi aikin mutum goma toh kujeru biyar sun tafi. Masu kare kamfanin suna cewa ai kod ɗin da ake samarwa zai ƙaru ne, kuma duk sai an gwada an bincika tsaronsa, don haka buƙatar dandalin ƙaruwa zatayi. Ni ina ganin duka biyun zasu iya faruwa lokaci ɗaya, kod yayi yawa kujeru su ragu, wanda ya iya sauya tsarin cajinsa zuwa gwargwadon amfani shi zai tsira. GitLab tana da nata mai suna Duo, amma GitHub ta rigata fitowa da Copilot tun 2021.

Tunda kai ɗan harkar ne, duk wata uku suna fitar da rahoto kyauta a shafinsu na masu zuba jari, ka buɗe ka duba adadin da ke nuna nawa tsofaffin kwastomomi suka kashe bana akan kowace dala 100 da suka kashe bara. Lokacin shigarsu kasuwa ya haura kashi 150, daga baya ya sauko 130, sai 123, har yanzu mai kyau ne amma kaga inda ya dosa, kuma kar ka manta a 2023 sun ɗaga farashin kujera a tsarinsu na Premium daga dala 19 zuwa 29 a wata, don haka wani ɓangare na ƙarin daga tsada yazo ba daga sababbin kujeru ba. Sannan ka duba hannun jarin da suke rabawa ma'aikata a madadin albashi, ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ciniki, idan suna maganar riba sau da yawa sun cire wannan ne, alhali kason ka ne yake ƙanƙancewa duk shekara. Basa raba riba ga masu hannun jari kuma, sai dai in farashi ya tashi ka sayar.

Wasu suna saye ne da fatan wani babba zai haɗiye kamfanin, kamar yadda IBM ta sayi wani kamfanin manhaja mai suna HashiCorp dala biliyan 6.4, kuma a 2024 anyi ta raɗe-raɗin sayar da GitLab ɗin ma. Wannan kam caca ce, ni bana gina shawara a kai.

Daga nan gida zaka iya saye ta manhajoji irin su Bamboo ko Trove, ka tabbatar dai wanda ka zaɓa yana da rajista da hukumar kula da hannun jari, ka kuma lissafa cajin canji da na ciniki. Ka raba riba biyu a kanka, wadda tazo daga faɗuwar naira da wadda tazo daga kamfani, domin wanda ya riƙe dala kawai daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 yaga ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 ba tare da ya sayi komai ba. Ta fuskar halas kuma sana'ar kanta ba matsala, abin dubawa shine kuɗin da suka ajiye yana kawo ruwa, akwai ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, na kar kuɗin da aka ajiye da ruwa ya wuce kashi 30 na darajar kamfani kuma kar abin da ya shigo ta haram ya wuce kashi 5 na kuɗin shiga, ka tambayi malamin da ya san harkar.

In ni ne, bazan zuba duk abin da na tara a kamfani ɗaya ba, musamman kai da albashinka ma daga wannan harkar yake fitowa, ranar da kasuwar manhaja ta girgiza aikinka da jarinka tare zasu ji a jikinsu. Ka sa mafi yawa a asusun da ya haɗa kamfanoni da yawa, in kuma zuciyarka tana kan GitLab ka ware mata abin da bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan bayan ka karanta rahoton kowane zango, kuma ya zama kuɗin da ba zaka nema ba nan da shekara biyar.